Wane Tsari Littafi Mai Tsarki Ya Nuna Mana Game da Addu'ar Taro?

Malam Iliya, Tumfure:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Akwai wata magana da kwamitin sujada na majami'armu ya kasa warwarewa, na ga ya dace in kawo ta gabanku, domin a cikinmu akwai fastoci da dattawa da iyayenmu mata waɗanda suka fi mu sanin Littafi Mai Tsarki. Maganar ta shafi yadda muke addu'a idan mun taru. A taron addu'ar Laraba da yamma, bisa tsarin da muka gāda, akan karanta nassi, a ambaci bukatu, sannan a kira mutum uku ko huɗu su yi addu'a ɗaya bayan ɗaya, sauran jama'a kuma su amsa da amin. Wannan taro kullum raguwa yake yi, har ya zama yawancin masu zuwa tsofaffi ne. Amma idan matasa suka shirya kwanan addu'a a daren Juma'ar ƙarshen wata, majami'a takan cika maƙil, kuma a can mai jagora yakan faɗi batun addu'a, ya ce kowa ya buɗe baki, sai kowa ya ɗaga murya a lokaci guda har a kaɗa ƙararrawa a wuce batu na gaba.

Yanzu matasa suna so a mayar da addu'ar Laraba ta koma haka, har da wani sashe na sujadar Lahadi, dattawa kuma sun ƙi amincewa. Tambayata ita ce, wane tsari ne Littafi Mai Tsarki ya nuna game da addu'ar jama'ar Allah idan sun taru? Ina roƙo duk wanda zai amsa ya kawo nassin da ya dogara da shi.

Baba Habila, dattijon ikkilisiya, Kaltungo:

Malam Iliya, Allah ya yi maka albarka da ka ce a kawo nassi, domin da shi kaɗai za a raba wannan gardama. Nassin da na dogara da shi yana cikin 1 Korantiyawa 14:16 da 17. Manzo Bulus yana magana a kan mutumin da yake yi wa Allah godiya a cikin taro da harshen da sauran ba su fahimta, sai ya tambaya ta yaya wanda yake zaune a wurin zai ce amin a kan godiyar alhali bai san abin da aka faɗa ba. Ya yarda cewa mai addu'ar ya yi godiyarsa da kyau, amma ya ce ɗan'uwansa bai ƙaru da komai ba. Na san batun harsuna yake yi a wurin, sai dai dalilin da ya bayar ya fi batun harsuna faɗi, wato addu'ar taro ana yin ta ne domin a ji, a fahimta, a kuma amince da ita. Idan mutum ɗari biyu suna magana a lokaci guda, ko da dukansu Hausa suke yi, babu mai jin na kusa da shi, to a kan me aka faɗi amin ɗin da ke biyo baya? A ƙarshen surar kuma ya ce Allah ba na ruɗu ba ne, na salama ne, ya umarta a yi komai bisa tsari.

Tsohon Alkawari ma haka ya nuna. Da Sulemanu ya keɓe Haikali a 1 Sarakuna 8, shi kaɗai ya ɗaga hannuwansa ya yi addu'a a gaban taron Isra'ila. Da abokan gāba suka taso wa Yahuza a 2 Tarihi 20, Yehoshafat ne ya yi magana da Allah, jama'a kuma suna tsaye da matansu da 'ya'yansu har da ƙanana. A Nehemiya 8:6 Ezra ya yabi Ubangiji, jama'a duka suka ɗaga hannuwa suka amsa amin, amin.

Akwai kuma abin da na ji daga bakin iyayenmu. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka a Kaltungo a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa bai fito ba sai 1932, kuma da yawa daga cikin masu bi na farko ba su iya karatu ba. Ta wurin sauraron addu'ar waɗanda suka riga su ba da gaskiya ne suka koyi yadda ake kiran Allah Uba, da yadda ake furta zunubi, da yadda ake roƙo cikin sunan Yesu. Yaron da ya tashi a majami'ar da ba ya taɓa jin addu'ar dattijo daga farko har ƙarshe, a wurin wa zai koya?

Bitrus, shugaban matasa, Bolari:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuma ina neman izini in kawo nassin da mu ma muke riƙe da shi. A Ayyukan Manzanni 4:24, bayan an saki Bitrus da Yahaya sun koma wurin 'yan'uwa, an rubuta cewa suka ɗaga murya tare ga Allah, ba a ce mutum ɗaya ya tashi ba. A Ibraniyawa 5:7 an ce Ubangijinmu kansa ya yi addu'a da roƙe-roƙe da kuka mai ƙarfi da hawaye. A Ezra 3, ranar da aka kafa harsashin Haikali na biyu, sowar murna da kukan tsofaffi sun gauraye har ba a iya rarrabe su, aka kuma ji ƙarar daga nesa, kuma babu inda aka tsauta musu. Wannan al'ada ma ba matasan Gombe ne suka ƙirƙiro ta ba. A farkawar da aka yi a birnin Piyongyang na Koriya a 1907, taron maza masu yawa ya shiga addu'a da murya a lokaci guda, abin da ya biyo baya kuwa furta zunubi ne da sulhu tsakanin mutane, kuma ikkilisiyoyin Koriya suna riƙe da wannan hanya har yau.

Amma bari in faɗi abin da ya fi damun matasa, da dukan girmamawa. A addu'ar Laraba, mutanen da ake kira su yi addu'a ba sa canzawa, kuma sau da yawa addu'ar takan zama wa'azi ne da aka rufe ido aka yi, wani lokaci ma har da gugar zana ga wanda ake da saɓani da shi. Matashi zai iya zuwa shekara da shekaru ba a taɓa ce masa ya buɗe baki ba. Idan aka ce kowa ya yi addu'a a lokaci guda, mai jin kunya da wanda Hausarsa ba ta nuna ba da wanda yake da damuwar da ba zai iya faɗa a gaban jama'a ba, dukansu sukan sami damar yin magana da Allah. Wannan ne ya sa suke zuwa.

Mama Rifkatu, Zumuntar Mata, Billiri:

Ɗana Bitrus, abin da ka faɗa game da mutanen da ba sa canzawa gaskiya ne, kuma mu mata mun fi ku sanin zafinsa. Littafin Ayyukan Manzanni bai ɓoye matsayin mata a addu'ar ikkilisiya ba. A 1:14 an ambaci mata tare da Maryamu uwar Yesu cikin waɗanda suka nace da addu'a kafin ranar Fentikos. A sura 12, a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus ne mutane da yawa suka taru da dare suna addu'a domin Bitrus, kuma yarinya Roda ce ta fara gane muryarsa a bakin ƙofa. A Filibi kuwa, wurin addu'ar da Bulus ya samu a bakin kogi taron mata ne, a nan kuma Ubangiji ya buɗe zuciyar Lidiya.

Sai dai maganin da kuka kawo bai warkar da ciwon ba. A Matiyu 18:19 Yesu ya yi alkawari ga mutum biyu da suka yarda a kan abin da za su roƙa, kuma ba yadda za a yi in yarda da roƙon da ban ji ba. A Zumuntar Mata muna da gwauruwar da ba ta da kuɗin makarantar yaranta, muna da wadda mijinta ya daina zuwa sujada, muna da wadda ta yi ɓari har sau biyu. Idan ɗaya daga cikinsu ta faɗi damuwarta, wata 'yar'uwa ta ɗauke ta ta kai gaban Allah da sunanta muna ji, matar takan koma gida da sanin cewa ba ita kaɗai take ɗauke da kayan ba, mu kuma da muka ji mukan san abin da ya kamata mu kai mata washegari. A cikin hayaniya kowa nasa yake roƙo, ya tashi ya tafi bai san abin da ke damun wadda ta zauna kusa da shi ba.

Waɗanda suka ga zamanin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a farkon shekarun 1960, za su tuna cewa ƙarfin aikin yana cikin ƙananan ƙungiyoyin addu'a da suke taruwa a gidaje, inda kowa yake samun zarafin yin addu'a kuma kowa yake jin ɗan'uwansa. Me zai hana a raba taron Laraba haka, mutum biyar ko shida a kowane rukuni, a haɗa tsofaffi da matasa? Kuma kada a manta da Hannatu a 1 Sama'ila 1:13, wadda leɓunanta kawai suke motsi ba a jin muryarta, amma Allah ya ji ta.

Rabaran Dauda, Gombe:

Na karanta abin da Baba Habila da Mama Rifkatu da ɗanmu Bitrus suka rubuta, kuma ina so mu tsaya sosai a kan Ayyukan Manzanni 4, tun da ɓangarorin biyu suna iya jan ta zuwa wajensu. Gaskiya ne an ce sun ɗaga murya tare. Amma Luka ya rubuta mana kalmomin addu'ar daga aya 24 zuwa 30, addu'a ɗaya mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda ya nuna cewa ko ɗaya ne ya jagoranta saura suna binsa, ko sun rera Zabura tare, abin da aka faɗa abu ɗaya ne kuma an ji shi. Ban ga nassin da ya hana jama'a ɗaga murya a lokaci guda na ɗan lokaci ba, musamman cikin yabo ko kuka a ranar masifa, saboda haka ba zan kira shi zunubi ba. Amma ban ga inda aka mayar da shi ainihin tsarin addu'ar ikkilisiya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake roƙo, domin a nan ne muka fi nisa da manzanni. Ku duba yadda addu'ar nan ta tafi. Mutanen nan majalisar Yahudawa ta yi musu kashedi kada su ƙara magana da sunan Yesu, kuma majalisar ce ta ba da Ubangijinsu a kashe ba da daɗewa ba. Duk da haka suka fara da kiran Allah Mahaliccin sama da ƙasa da teku. Suka ɗauko Zabura 2 suka karanta halin da suke ciki da ita. Suka ambaci Hirudus da Bilatus da sunansu, amma suka ce waɗannan ba su yi komai ba sai abin da ikon Allah da nufinsa suka riga suka ƙaddara. Ayoyi biyar sun wuce kafin su roƙi wani abu, roƙon kuma ayoyi biyu ne kacal: Allah ya dubi barazanar, ya ba bayinsa ƙarfin hali su faɗi maganarsa, ya miƙa hannu ya warkar. Ba su roƙi mutuwar kowa ba, ba su ma roƙi a kawar da tsananin ba. Bayan wannan ne wurin ya girgiza.

Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa a Matiyu 6 ma haka take. Roƙo uku na farko na Allah ne, wato sunansa da mulkinsa da nufinsa, sannan abincinmu da gafararmu da tsaronmu, kuma daga farko har ƙarshe babu inda aka ce ni ko nawa, ko'ina mu ne da namu. Ku karanta addu'o'in Bulus a Afisawa 1 da 3 da Kolosiyawa 1, za ku ga yana roƙa wa masu bi hikima da sanin Allah da ƙarfi a cikin zuciya da haƙuri, alhali shi kansa yana ɗaure. Yanzu ku ɗauki takardar batutuwan addu'a ta kwanan addu'a, ko ma ta ranar Laraba, ku ƙirga nawa ne suka shafi sunan Allah da masu bishararmu da ke ƙauyuka da tsarkin ikkilisiya, nawa ne kuma suka shafi ci gaba da buɗi da hallakar maƙiya. Ba laifi ba ne a roƙi aiki ko aure ko haihuwa ko ruwan sama a kan lokaci, gama Filibiyawa 4:6 ta ce a kai kowace bukata gaban Allah tare da godiya. Laifin shi ne idan waɗannan suka cinye taron duka.

Bitrus:

Baba Rabaran, na karɓi maganar tsarin addu'ar, amma batun maƙiya yana da nauyi a wurinmu. Mu da muke cikin garin Gombe a 2014 da 2015 mun ga bama-bamai a tashoshin mota da kasuwa, mun yi sujada ana binciken mutane a ƙofar majami'a, kuma har yau akwai 'yan'uwanmu a wasu wurare da ba sa barci da ido biyu rufe. Zabura 109 da 137 suna cikin Littafi Mai Tsarki. A Wahayin Yahaya 6:10 rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah suna kuka suna tambaya har yaushe za a jinkirta sāka jininsu. Annabi Iliya ya kira wuta daga sama a 2 Sarakuna 1. Shin wanda aka kashe masa ɗan'uwa ba shi da izinin yin irin wannan addu'a?

Saratu, ma'aikaciyar jinya, Kumo:

Ɗan'uwa Bitrus, ina jin zafin da kake magana a kansa, amma ina roƙonka ka duba su wane ne ake kira maƙiya a yawancin tarurrukan nan. Ba masu tayar da bam ake nufi ba. Abin da ake cewa shi ne maƙiyin yana cikin gidanku, shi ya ɗaure aurenki, shi ya hana ka aiki, wuta ta cinye shi. A ƙauyenmu wani baƙon mai wa'azi ya jagoranci irin wannan addu'a, bai ambaci sunan kowa ba, amma kafin mako ya zagayo samarin wani gida sun riga sun yanke hukunci cewa kakarsu ce mayya. Tsohuwar nan gwauruwa ce, tana cikin waɗanda suka ɗebi ruwa aka gina majami'ar, amma sai da ta bar gidan mijinta ta koma wurin 'yarta a wani gari, kuma yaron da ake cewa ta kama yana fama ne da ciwon sikila wanda asibiti ya riga ya tabbatar.

Afisawa 6:12 ta ce famarmu ba da nama da jini ba ce. Game da Iliya kuma, amsar tana cikin Luka 9:54 da 55, inda Yakubu da Yahaya suka nemi izini su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, sai ya juya ya tsauta musu. A nan ne na ga hikimar abin da Baba Habila ya faɗa tun farko. Da a ce mutum ɗaya ne ya tashi a gaban ikkilisiya ya roƙi mutuwar kakarsa kowa yana ji, da dattawa sun dakatar da shi, da babu mai cewa amin. Hayaniya ce ta ba irin wannan roƙo wurin ɓuya.

Rabaran Dauda:

Bitrus, tambayarka ta cancanci amsa ta gaskiya. Wanda aka zalunta yana da izinin kai fushinsa da kukansa gaban Allah ba tare da ya yi musu kwaskwarima ba, kuma Zabura 150 ɗin da muke da su cike suke da irin wannan kuka, har akwai Zabura 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba. Ina ma ganin ikkilisiyoyinmu sun yi sakaci da zaburoyin makoki, shi ya sa mai baƙin ciki yake rasa kalmomi a sujadarmu ya tafi neman su a wani wuri. Amma ka lura da cewa mai zabura yana miƙa shari'ar ne ga Allah, waɗanda ke cikin Wahayi kuma tambaya suka yi, aka ce musu su ɗan ƙara jira. Roƙon Allah ya yi adalci, ya tsayar da hannun mugu, ya tona asirin masu shirya kisa, wannan addu'a ce ta Kirista, kuma Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Ba wa Allah umarni ya kashe wane kafin gari ya waye wani abu ne dabam. Mu da muke bayan gicciye muna da Matiyu 5:44, muna da addu'ar Yesu domin masu gicciye shi, muna da Istifanas wanda ya roƙa kada a ɗora wa masu jifansa zunubin, alhali Shawulu, wato Bulus kafin ya tuba, yana tsaye a wurin.

Akwai kuma umarnin da muke yawan tsallakewa. A 1 Timoti 2:1 da 2 Bulus ya ce da farko a yi addu'a domin dukan mutane, da sarakuna da dukan masu mulki, ya kuwa rubuta haka ne a ƙarƙashin sarakunan Roma waɗanda ba masu bi ba ne. Irmiya 29:7 ta umarci 'yan bauta su roƙa wa Babila zaman lafiya. Saboda haka gwamna da sarakunanmu na gargajiya da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su suna da hakki a addu'armu ta kowane mako. Game da tsaro kuma, Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a sun kuma sa masu gadi dare da rana, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Malam Yohanna, katikis, Bambam:

Iyaye da 'yan'uwa, ni daga ikkilisiyar da take amfani da rubutacciyar addu'a nake, kuma na ga ba a taɓo wannan hanya ba, alhali ita ce hanya mafi sauƙi da jama'a duka za su ɗaga murya a lokaci guda kuma su faɗi abu ɗaya. Zabura 136 an tsara ta ne domin mai jagora ya faɗi layi, jama'a su amsa cewa ƙaunar Allah madawwamiya ce, har sau 26. Wani rubutun ikkilisiyar farko da ake kira Didake ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Justin Shahidi, wanda ya rubuta daga Roma wajen shekara ta 150, ya bayyana cewa a ranar Lahadi bayan karatu da gargaɗi jama'a duka sukan tashi su yi addu'a, shugaban taro kuma ya yi godiya gwargwadon iyawarsa, jama'a su amsa da amin. Manzanni ma suna da lokutan addu'a sanannu, gama Bitrus da Yahaya sun tafi Haikali da ƙarfe uku na yamma, Bitrus kuma ya hau soro da tsakar rana, kamar yadda Daniyel yake durƙusawa sau uku a yini.

Na san za a ce mini Matiyu 6:7 ta hana maimaitawa. Abin da ta hana shi ne surutun banza na masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su, gama Yesu kansa a Getsamani ya yi addu'a sau uku yana faɗar magana ɗaya. Wannan gargaɗi yana kan mai karanta addu'a hankalinsa yana gona, yana kuma kan mai maimaita kalma ɗaya da ihu na rabin sa'a. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 ne suka yi ta kira tun safe har lokacin hadayar yamma, addu'ar Iliya kuwa ayoyi biyu ce. A wurin gayya ma, ganga ce take sa fartanya ta sauka tare, in babu ita kowa nasa layin yake ja.

Baba Habila:

Maganar ɗana Bitrus game da doguwar addu'a da gugar zana tana da tushe a nassi, kuma ya kamata dattawa su ji ta. Bafarisiyen da ke cikin Luka 18 ya yi amfani da addu'arsa ya soki mai karɓar haraji, bai kuwa koma gida baratacce ba. Alkawarin mutum biyu da Mama Rifkatu ta kawo yana zaune ne tsakanin koyarwar yadda za a yi da ɗan'uwan da ya yi laifi da koyarwar gafara har sau saba'in sau bakwai, kuma Markus 11:25 ta ce in mun tsaya yin addu'a mu yafe. Majami'ar da dattawanta ba sa gaisawa da juna ba za ta gyara addu'arta da canza tsari ba.

Ina ƙara batun harshe. A majami'un da ake sujada da Hausa, na ga masu jagora suna juyawa zuwa Turanci da zarar addu'a ta yi zafi, sai tsofaffin da Tangale ko Waja ko Tula ne harshensu, waɗanda Hausar ma koyonta suka yi, su zama 'yan kallo. Wannan shi ne ainihin abin da Bulus ya hana. Gara a bar tsohuwa ta yi addu'a da harshen mahaifiyarta wani ya fassara a taƙaice.

Malam Iliya:

Na gode ƙwarai, iyaye. Abin da zan kai wa kwamiti shi ne shawarar Mama ta raba taron Laraba zuwa ƙananan rukunoni, da karanta Zabura ana amsawa, da ba matasa da mata zarafin jagora, da kuma duba batutuwan addu'a tare da fasto kafin a kawo su gaban jama'a. Abin da ban san yadda zan gabatar ba shi ne makomar kwanan addu'a, domin wasu dattawa suna so a soke shi gaba ɗaya.

Bitrus:

Malam, ina roƙo kada a soke shi. Yesu ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi sha biyun, Bulus da Sila suna addu'a da waƙa da tsakar dare a kurkuku, waɗanda suka taru a gidan Maryamu ma da dare ne. Mun yarda fasto ya duba batutuwanmu, mun yarda a cire addu'ar wuta a kan mutane, amma muna so a bar mana ɗan lokaci a cikin daren da kowa zai kai nasa kukan da muryarsa, sannan mutum ɗaya ya rufe kowa yana ji. Muna kuma roƙon dattawa su riƙa zuwa, ko da zuwa ƙarfe goma sha biyu ne, domin yawancin masu sukar taron ba su taɓa zama a cikinsa ba.

Baba Habila:

Ɗana, wannan roƙo ne mai kyau, kuma idan matasanmu na Kaltungo suka gayyace ni bisa wannan tsari zan je in zauna, zan kuma yi wa sauran dattawa magana. Sharaɗina ɗaya ne, a kashe lasifikar da ake ɗaurawa a waje. A bayan katangar majami'a akwai marasa lafiya da jarirai da manoman da za su fita gona da asuba, Kirista da Musulmi, kuma Matiyu 6:5 ta gargaɗe mu game da addu'ar da ake yi domin mutane su gani. Lasifikar ciki ta isa waɗanda suka zo. Malam Iliya, ka sa wannan ma a cikin abin da za ka kai wa kwamiti, ka kuma sanar da mu abin da suka yanke bayan zamansu.